Daidai Ruwa Daidai Tsaki: Wane Allo Ya Dace Da Ɗalibi Mai Wasan Kwamfuta?



Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a ɗakunan kwananmu, musamman da daddare in an rufe littattafai an baje a kan katifu, watau maganar allon kwamfuta, wanda 'yan kasuwa ke kira monita. Duk wanda ya ɗanɗana wasannin kwamfuta ba ya daɗewa sai ya raina ɗan allon da ke jikin kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka, ya shiga mafarkin babba. Daga nan sai tarin kuɗi: a rage na abinci, a taka a ƙasa zuwa lacca, wani ma har ya yi wa gida waya ya ce an ƙara kuɗin littattafai. In kuɗi ya cika sai kasuwa, a tsaya gaban kwalaye masu ƙyalƙyali, kowane ɗauke da manyan lambobi, a ɗauki wanda lambarsa ta fi girma a dawo ana taƙama.

Mun san akwai manya cikinmu da za su ce wannan ba zancen da ya cancanci shafin mujalla ba ne, wai wasa aikin yara ne. Ba za mu yi jayayya da su a nan ba. Abin da za mu ce kawai shi ne, ko an yi magana ko an yi shiru, saye dai ana yi, kuma da kuɗin iyaye ake yi. Ba a ƙera waɗannan alluna a ƙasarmu, daga waje ake shigo da su, da dala ake sayo su. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura naira 1,500 a watan Fabrairun 2024, farashin duk wani abu mai waya a jiki kuwa ya bi ta a guje. Bugu da ƙari, allon da ɗalibi ya saya don wasa shi ne dai zai zura wa ido watanni yana rubuta kundin digirinsa. Abin da ya haɗa kuɗin uba da idon ɗa ya cancanci a zauna a yi masa tunani.

Ra'ayinmu a taƙaice shi ne, yawancinmu muna fara tambaya daga inda ya kamata a ƙare ta. Muna tambayar wane allo ne ya fi kyau, alhali tambayar farko ita ce, me kwamfutata za ta iya bayarwa? Allo ba ya ƙirƙirar hoto. Aikinsa nuna abin da aka miƙo masa. Mai zana hotunan wani sashe ne a cikin kwamfuta da ake kira katin hoto, wanda kamfanoni irin su Nvidia da AMD da Intel ke yi. Motsin da muke gani a wasa ba kome ba ne illa hotuna tsayayyu da katin ke zanawa ɗaya bayan ɗaya da sauri, har ido ya ɗauka abu ne mai tafiya. In katin ba ya iya zana fiye da hoto 45 a sakan ɗaya, to ko allon zinariya aka jona masa, hoto 45 ɗin nan za a gani. Wanda ya sayi allo mai tsada ya jona wa kwamfuta mai rauni ya ɗaura wa jaki sirdin azurfa ke nan. Sirdin zai yi kyau, jakin kuwa ba zai yi sukuwa ba.

Sanin ƙarfin kwamfuta kuma ba ya buƙatar sisin kwabo. Manhajar Steam tana da ma'auni da ke nuna yawan hotuna a sakan a kusurwar allo yayin da ake wasa, Windows ma tana da nata. Mutum ya kunna wasan da ya fi bugawa, ya je inda aka fi cakuɗewa, ya dubi lambar. Wannan lambar ce ya kamata ya riƙe a ka in zai tafi kasuwa. Galibin kwamfutocin hannu da ke tsakaninmu ba su da katin hoto mai zaman kansa, na haɗe da ƙwaƙwalwar kwamfuta suke amfani da shi, kuma irin wannan da ƙyar yake kai hoto 60 a manyan wasannin zamani. A wasanni marasa nauyi, irin su Valorant, kwamfuta matsakaiciya tana iya wuce haka nesa. Saboda haka ba a yanke wa kowa hukunci ɗaya, sai an auna.

To, bari mu bi lambobin da ke jikin kwali, mu ga wace ce ta cancanci kuɗi.

Ta farko ita ce wadda ake bi da haruffan Hz, watau sau nawa allo ke sabunta hotonsa a sakan ɗaya. Allon ofis na yau da kullum 60 ne. Na wasa kuwa akwai 144, akwai 165, akwai 240, akwai 360, har da waɗanda suka haura haka. A nan ɗan lissafin firamare ya isa ya tona asiri. In aka raba sakan ɗaya gida dubu, kowane kashi shi ake kira milisakan. Allo mai 60 yana sauya hoto duk bayan milisakan 16.7. Mai 144 duk bayan 6.9. Mai 240 duk bayan 4.2. Watau wanda ya tashi daga 60 zuwa 144 ya rage jiran kusan milisakan 10 a kowane hoto, kuma wannan bambanci ne da ido ke gani tun daga jan linzamin kwamfuta, ba sai an shiga wasa ba. Wanda ya tashi daga 144 zuwa 240 kuwa abin da ya ƙaru da shi bai kai milisakan 3 ba, ga shi ya ƙara kuɗi mai yawa, ga shi kuma ya ɗora wa katinsa nauyin zana hoto 240 a sakan, abin da katunan ɗalibai kaɗan ne ke iyawa. Tsallen farko riba ne. Na biyu na ƙwararrun da ke cin abinci da wasa ne, mu kuwa da takardar digiri muke fatan cin namu.

Akwai kuma wani abu da masu talla daga Turai da Amurka ba sa tunawa da shi, domin bai shafe su ba. Yawancin wasannin da ake bugawa ta intanet, manyan kwamfutocin da ke haɗa 'yan wasa suna Turai, wasu suna Afirka ta Kudu. Daga Legas zuwa Landan wajen kilomita 5,000 ne a miƙe. Haske a cikin wayar gilashi da ke ƙarƙashin teku yana cin wajen kilomita 200 a milisakan ɗaya. Ke nan zuwa da dawowar saƙo ba zai gaza milisakan 50 ba ko da wayar a miƙe take sambal, alhali ba a miƙe take ba, gaɓar teku take bi. A ƙara da tazarar Kano ko Sakkwato ko Maiduguri zuwa Legas, a ƙara da cunkoson layin waya da yamma. Gaskiya ne jinkirin layi daban, santsin allo daban, kuma allo mai sauri yana da daɗin kallo ko da layi na ja da baya. Amma ɗalibin da zai hana cikinsa abinci don ya ƙwato milisakan 3 a allo, alhali layinsa na cinye masa ninkin-ba-ninkin haka, ya bar jaki yana dukan taiki.

Lamba ta biyu ita ce yawan ɗige-ɗigen da ke haɗuwa su ba da hoto. Allon da aka rubuta wa 1920 x 1080 yana da ɗigo 2,073,600. Mai 2560 x 1440 yana da 3,686,400. Mai 3840 x 2160, wanda ake kira 4K, yana da 8,294,400, watau ninki huɗu na na farko cif. Kowane ɗigo kuwa sai katin hoto ya lissafa launinsa, a kowane hoto, a kowane sakan. Katin da ke tafiya cikin walwala a 1080 in aka ɗora masa 4K sai ya koma rarrafe. Daga nan mai allo ba shi da zaɓi illa ya rage ɗigon a cikin saitin wasa, sai allon ya shimfiɗa ƙaramin hoto a kan ɗigonsa masu yawa, a ƙare da hoto mai dishi-dishi a kan allon da aka saya don tsabtar hoto. Wannan ita ce hasarar da ta fi ba mu takaici, domin mai ita ya biya kuɗi ne ya sayo wa kansa matsala.

Kada kuma wani ya ɗauka 1080 ya zama tsohon yayi. Kamfanin Valve, mai Steam, yana fitar da ƙididdigar irin na'urorin da masu wasa ke amfani da su kowane wata, kuma a cikin shekarar 2024 fiye da rabin waɗanda aka ƙidaya a 1920 x 1080 suke wasa. Ƙwararrun Counter-Strike, waɗanda ake biya albashi a kan wasan, galibi allo mai inci 24 ko ɗan sama da haka suke amfani da shi, da yawansu ma sukan rage ɗigon ƙasa da 1080 da gangan. Dalilinsu shi ne su ga dukkan fagen wasa ba tare da juya kai ba, kuma katin ya sami sararin zana hotuna da yawa.

Wannan ya kawo mu ga girma. Girman allo da yawan ɗigonsa tare ake auna su, kamar tuwo da miya. Ɗigon 1080 a allo mai inci 24 yana ba da wajen ɗigo 92 a kowane inci, rubutu ya fito daidai. Waɗannan ɗigon dai in aka baje su a inci 27 sai su koma wajen 82, a inci 32 kuwa wajen 69, har mutum ya riƙa ganin gefen haruffa kamar haƙoran zarto. Inci 27 da 1440 ya dace, a nan ana samun wajen 109. Muna jan hankali a kan wannan domin a kasuwa an fi yaudarar ido da girma, ana sayar da manyan alluna masu ƙarancin ɗigo da araha, kuma daga nesa suna da kwarjini. Amma ɗalibi ba daga nesa zai zauna ba. Teburin ɗakin kwana ɗan tsukuku ne, wanda aka raba da littattafai da kofin shayi da tukunyar abokin ɗaki. A irin wannan teburi allo mai inci 32 ba ya barin mutum ya ga kusurwa biyu a lokaci ɗaya. Masu lanƙwasa kuwa, lanƙwasar tana da amfani a manyan alluna masu faɗi ƙwarai, a ƙanana ado ce kurum. Haka nan fitilu masu launi da ake jerawa a bayan wasu alluna, waɗanda bango kaɗai ke kallo.

Sai kuma lambobin da muke ganin ya kamata a karanta su da ido ɗaya a rufe. Kusan kowane kwali yana ɗauke da alƙawarin milisakan 1, wai saurin da ɗigo ke sauya launi ke nan. Ana samun wannan lamba ne ta hanyoyin awo iri-iri, kuma kowane kamfani yana zaɓen wadda ta fi yi masa daɗi. Wani yana auna sauyi mafi sauƙi, bayan ya tura wa ɗigon ƙarfin lantarki fiye da kima, abin da ke sa a ga wata inuwa mai haske tana bin duk abin da ke motsi. Wani kuma yana samun lambar ta hanyar sa fitilar bayan allo ta riƙa ƙyaftawa, wannan kuwa yana rage haske, yana kuma sa wa wasu ciwon kai. Saboda haka alluna biyu masu milisakan 1 a kwali suna iya bambanta kamar dare da rana.

Haka zancen HDR, watau iya nuna haske mai ƙarfi da duhu mai zurfi a hoto ɗaya. Ƙungiyar VESA ta fitar da matakan tantance shi a ƙarshen 2017, kuma mafi ƙanƙantar mataki, mai lamba 400, shi ya fi yawa a alluna masu sauƙin kuɗi. Allon wannan mataki ba a wajabta masa iya dushe wani yanki na fitilarsa ya bar wani da haske ba, alhali nan ne asirin abin yake. Mu dai ba za mu ƙara ko naira ɗaya saboda wannan tambari ba. Ko sunan mashigar waya ma sai an yi hattara. HDMI 2.1, wanda aka fitar a 2017, shi ke iya ɗaukar 4K a 120. Amma a ƙarshen 2021 ta bayyana cewa masu kula da wannan ma'auni sun yarda a rubuta 2.1 a jikin na'urar da ba ta wuce ƙarfin tsohon 2.0 ba. Ke nan sunan kaɗai bai isa ba, sai an duba ɗigo nawa da Hz nawa mashigar ke ɗauka a zahiri. A duba ta jikin kwamfutar ma. Tsofaffin kwamfutocin hannu da yawa HDMI 1.4 gare su, wanda ba ya wuce 30 a 4K. Mai kwamfutar tebur kuwa ya nemi allo mai mashigar DisplayPort, ita ce ta fi sakin jiki da saurin allo. Tsohuwar shuɗiyar wayar nan ta VGA, wadda IBM ya fito da ita tun 1987, ta yi aikinta ta gama, a bar ta ta huta.

Game da irin gilashin allon kansa, huɗu ne a kasuwa. TN shi ne tsoho, yana da sauri da araha, amma launinsa a koɗe yake, kuma da mutum ya ɗan kauce gefe sai hoton ya canza. VA yana da baƙi mai zurfi, tazarar haskensa da duhunsa takan kai ninki uku na IPS, ya dace da fim da wasannin labari, sai dai masu araha a cikinsa sukan ja wutsiyar duhu in abu ya gilma a wuri mai duhu. IPS yana da launi mai gaskiya, ana ganinsa daidai daga kowane gefe, kuma na yanzu sun yi saurin da ya ishi kowa, illarsa ita ce baƙinsa yakan yi toka-toka a ɗaki mai duhu. Mu IPS muka zaɓa, kuma dalilinmu daga zaman ɗakin kwana ya fito. A nan ba a wasa mutum ɗaya. Biyu na riƙe da abin bugawa, biyar na tsaye a baya suna ba da shawarar da ba a tambaye su ba, wani na leƙe daga saman gado. Allon da mai tsakiya kaɗai ke gani da kyau bai dace da irin wannan taro ba. Ga kuma ɗaliban zanen gine-gine da na fasaha, waɗanda aikinsu ke buƙatar launi na gaskiya.

Na huɗu shi ne OLED, wanda ya shigo fagen allunan wasa sosai daga 2022. Ba mu musun kyansa. Kowane ɗigo da haskensa, in an ce baƙi sai ya mutu ɗungum, saurinsa kuwa ya wuce na sauran duka. Amma yana da tsada, kuma abin da ya daɗe a wuri ɗaya a kansa yana iya barin tabo na dindindin. Ɗalibin da zai buɗe shafin rubutu fari fat, da layin gumaka a ƙasa, sa'o'i shida kullum har tsawon zango, ya san abin da yake jawo wa kansa. Kyan ɗan maciji ke nan ga mai ƙaramin aljihu.

Abu ɗaya da muke ganin bai kamata a bari ba shi ne daidaita saurin allo da na kati. Allo yana zana hoto ne daga sama zuwa ƙasa. In kati ya miƙo sabon hoto alhali allo na tsakiyar zana na baya, sai a ga sama daban ƙasa daban, kamar an yaga takarda an liƙa a karkace. Nvidia ya fito da maganin wannan a 2013 da sunan G-Sync, mai buƙatar wata na'ura ta musamman a cikin allo, abin da ya sa shi tsada. AMD ya biyo baya da FreeSync a 2015, wanda ba ya buƙatar wannan na'ura. A farkon 2019 Nvidia ya sassauta, ya bar katunansa su yi aiki da alluna irin na FreeSync. Tun daga nan abin ya zama ruwan dare har a alluna masu sauƙin kuɗi. Amfaninsa kuwa ya fi yawa ga mai kati matsakaici, wanda hotunansa ke hawa da sauka tsakanin 50 da 90, watau irinmu.

Masu na'urar wasa ta PlayStation lissafinsu ya fi sauƙi. PS4, wadda ta fito a 2013, kuma har yanzu ita ce a ɗakuna da yawa, ba ta fitar da fiye da 60. Wanda ya saya mata allo mai 165 ya biya kuɗin 105 da ba zai taɓa gani ba. PS5 ta 2020 tana kaiwa 120 a wasannin da aka shirya don haka, kuma an ƙara mata iya fitar da 1440 a watan Satumban 2022. Wasannin dambe da kokawa irin su Tekken da Street Fighter a 60 aka ɗaure su da gangan. Wasan ƙwallon ƙafa kuwa, wanda ya fi kowane farin jini a wurinmu, ko na EA Sports FC ne, wanda ake kira FIFA kafin 2023, ko eFootball, 60 ta ishe shi a ganinmu. Wanda talabijin gare shi ya nemi saitin wasa a cikinta ya kunna, domin talabijin takan tsaya gyara hoto kafin ta nuna, wannan saiti ke hana ta.

Za a ce mana, ai sayen nagari mayar da kuɗi gida, gara a sayi babba yau don kwamfutar da za a saya gobe. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, domin allo yakan fi kwamfuta daɗewa. Amma nagari shi ne wanda ke yi maka aiki, kuma farashin alluna masu sauri in an auna da dala sauka yake yi shekara bayan shekara, abin da ake kira na manya jiya shi ne na kowa yau. Sa'an nan kwamfutar goben nan, yaushe za ta zo, kuma da wace wuta za ta yi aiki? Katin RTX 4090 na 2022, irin wanda ke jan 4K ba tare da nishi ba, shi kaɗai yana cin wat 450. Katin GTX 1650 wat 75 yake ci. Allo mai inci 24 yakan tsaya wajen wat 20 zuwa 30, manya masu 4K da haske mai ƙarfi sukan ninka haka ko fiye. A watan Afrilun 2024 aka kai kuɗin wutar rukunin A naira 225 a kowane kilowat na awa ɗaya, waɗanda ba sa wannan rukuni kuwa sun san sa'o'i nawa suke ganin wutar. Ƙaramin allo yana rayuwa a kan ɗan batir da inbata ko sola, babba sai janareta da fetur. Kuma duk wanda bai ware kuɗin na'urar kare kaya daga haukar wuta ba, bai gama lissafin sayen allo ba, domin dawowar wuta da ƙarfi sau ɗaya ta isa ta mayar da tarin zango biyu baƙin gilashi.

Ido ma yana da hakki. A zaɓi allon da ake iya ɗaga shi a sauke, ko mai ramuka huɗu a baya don ɗaura shi a wani mariƙi, ta yadda samansa zai yi daidai da ido ko ya ɗan yi ƙasa, tazararsa kuwa kamar tsawon hannu. A zaɓi wanda fitilarsa ba ta ƙyaftawa in an rage haske, da wanda fuskarsa ba ta sheƙi, saboda hasken taga. Mai kallon allo yana rage ƙifta ido ba tare da ya sani ba, a lokacin hunturu kuwa, ga ƙura ga bushewar iska, abin ya fi tsanani. Likitocin ido suna ba da shawarar duk bayan minti 20 a dubi wani abu mai nisan wajen mita 6 na tsawon sakan 20. Tabarau masu tare shuɗin haske da ake tallatawa kuwa, nazarin Cochrane na 2023 bai sami hujjar cewa suna rage gajiyar ido ba.

In aka ce mu faɗi zaɓinmu ƙarara, ga shi. Ɗalibin da kwamfutarsa ke wuce hoto 60 a wasan da yake bugawa, ya nemi inci 24, mai 1920 x 1080, gilashin IPS, mai 144 ko kusa da haka, mai FreeSync. Wanda ke da kati mai ƙarfi na gaske da teburi mai faɗi, ya hau inci 27 mai 1440. Wanda kwamfutarsa ba ta kai 60 ba, ko mai PS4, ya sayi allon ofis mai kyau, mai 60 ko 75, ko da na hannu ne, ya adana ragowar kuɗin don kati ko batir. Ba abin kunya ba ne. Allunan ofis da ake shigo da su na hannu sau da yawa sun fi sababbin masu arha ƙarko da kyan mariƙi.

Na hannu ko sabo, kada a yi cinikin biri a sama. Ko a titin Beirut na Kano ne, ko Banex a Abuja, ko kasuwar kwamfuta ta Ikeja, mutum ya je da kansa, da kwamfutarsa, da wayarsa. Ya juya bayan allon ya karanta cikakkiyar lambar samfurin, ya bincika ta a wayarsa ta hannu, domin harafi ɗaya yakan raba samfuri biyu masu kama da juna. Ya sa a kunna, ya cika allon da ja zalla, sa'an nan kore, sa'an nan shuɗi, da fari, da baƙi, yana neman ɗigon da ya mutu ko ya maƙale a launi ɗaya. A kan baƙin ya kare hasken shago da jikinsa ya duba ko fitila na tsiyaya daga gefe. Ya gwada kowace mashiga. Ya tabbatar da lambar Hz a cikin saitin kwamfuta, ba a bakin mai shago ba. In allon mai cin wuta ta adafta ne, ya duba ko adaftar tasa ce ta asali. Kana a rubuta masa a rasidi kwana nawa yake da su na mayarwa.

In an kai ɗaki, saura aiki ɗaya da mutane da yawa ke mantawa. Windows takan bar sabon allo a 60 har sai an shiga saitin allo an ɗaga shi da hannu, kuma akwai masu 144 da ke shekara suna yabon santsin da ba su taɓa kunnawa ba. A goge ƙura da ƙyalle mai laushi da aka ɗan jiƙa, bayan an kashe allon, kada a fesa masa ruwa kai tsaye. Kwalin kuma a tura shi ƙarƙashin gado tare da farin soson da ya zo a ciki, domin ranar tafiya hutu allo ba ya jure kwaramniyar bayan mota tsirara.